Sashen lafiyar ƙwaƙwalwa: abin da na samu a can da abin da ya ɓata mini rai

Duk wanda yake fama da yawan fargaba ko ciwon damuwa kuma yake wasiwasin ko zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa zai amfane shi, ni na je, kuma shawarata ita ce ya je. Ba zan kama sunan asibitin ba, don akwai abin da zan yi ƙorafi a kai. Ma'aikatan sashen kashi uku ne: likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani, masanin halayyar ɗan Adam wanda kuke zama ku tattauna, sai ma'aikatan jinya da masu kula da kati.

Abin da ya kai ni shi ne farkawa cikin dare da faɗuwar gaba, zuciya na bugawa, gumi na karyo mini. Abinci ya daina yi mini daɗi, aiki ya taru a kan tebur na kasa taɓawa, waya na yin ƙara sai cikina ya ɗuri ruwa. An duba zuciyata aka ce lafiyarta ƙalau, likitan da ya duba ni ne ya tura ni can.

Kafin in ga likita an miƙo mini takardu biyu. Ɗaya ana kiranta PHQ-9, tambayoyi tara ne kan makonni biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba. Makinta daga 0 ne zuwa 27, kuma daga 10 zuwa sama ake cewa abin yana buƙatar kulawa. Ɗayar kuma GAD-7, tambayoyi bakwai kan fargaba, maki 0 zuwa 21. Na ji daɗin wannan tsari ƙwarai. Abin da na daɗe ina kasa yi wa iyalina bayani sai ga shi a rubuce layi-layi, kuma ana sake cike takardun lokaci-lokaci, mutum ya ga ko makin na sauka ko na hawa.

Tambaya ta tara a takardar farko tana magana ne kan tunanin gara a ce mutum ya mutu ko ya cutar da kansa. Likitar ba ta tsallake ta ba. Ta ajiye biro ta dube ni ta ce, "Malam, kada ka ji nauyina. Kowa nake yi wa wannan tambayar. Irin wannan tunani ya taɓa zo maka?" Na ba ta amsa, fuskarta ba ta canza ba, ba ta yi mini faɗa ba. Daga nan na saki jiki da ita.

Ta yi bincike sosai kafin ta rubuta komai. Ta sa aka ɗebi jinina don a duba ƙarancin jini da aikin tayirod, wannan halittar da ke maƙogwaro, domin matsalarsu na iya kawo kasala ko bugun zuciya mai kama da fargaba. Ta tambayi abin da nake sha don hana barci, da ko akwai mai irin wannan ciwo a danginmu. Ta kuma tambaya ko na taɓa shafe kwanaki ba na buƙatar barci, ga kuzari da surutu fiye da kima. Dalilinta shi ne akwai ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, kuma maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar da shi.

Maganin da ta ba ni sertraline ne, aka fara da kaɗan. Ta gaya mini tun farko cewa zan iya jin tashin zuciya ko ciwon kai, fargabar ma na iya ɗan ƙaruwa a kwanakin farko, kuma amfaninsa sai bayan mako huɗu zuwa shida yake fitowa sosai. Ta ambaci raguwar sha'awar saduwa ba tare da kwana-kwana ba. Na ce, "Likita, babu maganin da zai sa ni barci a daren yau?" Ta ce akwai irin su diazepam, amma jiki na saurin sabawa da su, rabuwa kuma ta yi wuya, don haka ba za ta ɗora ni a kai ba. A lokacin ban so jin haka ba. Yanzu ina ganin nan ne ta fi yi mini gata.

Inda na fi ƙaruwa shi ne zama da masanin halayyar. Hanyar da yake bi ana kiranta CBT, wadda likita Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960, kuma tushenta shi ne tunani da yanayin zuciya da aiki suna jan juna. Zaman bai kai awa ɗaya ba, amma ba hira kawai ba ce, aikin gida ake ba ka. Ya ba ni takarda mai gidaje: abin da ya faru, tunanin da ya faɗo, yadda na yarda da shi, hujjar da ke goyon bayansa, hujjar da ke rushe shi. Wata rana shugabana a wurin aiki ya aiko cewa in same shi a ofis. Na rubuta "korata za a yi", na kuma yarda da hakan kusan ɗari bisa ɗari. Da na zo gidan hujja, babu komai sai faɗuwar gabana. Ashe sa hannu yake so in yi a wata takarda. Masanin bai ce mini "ka gani ko?" ba. Tambayata ya yi sau nawa zuciyata ta yi mini irin wannan hasashe, kuma sau nawa ya tabbata. Haka muka bi tsoron waya, daga kiran da ya fi sauƙi zuwa wanda na fi gudu. Ya kuma sa ni tsara ƙananan ayyuka, kamar tattaki da ziyarar yayana, in yi su ko da raina bai so ba, domin a ciwon damuwa sau da yawa sai an fara motsi kafin sha'awa ta biyo baya. Bai taɓa raina addu'ata ba, bai kuma ce ita kaɗai ta wadatar in bar magani ba.

Ga abin da ya ɓata mini rai. A ɗakin jira ana ƙwala kiran cikakken sunan mutum, kuma a wurin yankar kati ana tambayar abin da ke damunka kowa na ji. Wanda ya sha fama da kansa kafin ya tako wurin bai cancanci haka ba. An taɓa ɗage mini ranar ganin likita ba a sanar da ni ba sai da na iso. Mai ciwon damuwa da ƙyar yake tashi daga gado, idan aka mayar da shi haka yana iya ƙin dawowa. Ganin likita na bibiya ma gajere ne, saboda layi. Ba na ɗora wa ma'aikatan laifin cunkoson, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 280 ne ke da ciwon damuwa, miliyan 301 kuma ke fama da cutar fargaba. Amma rage murya da kiran mutum a waya ba sa buƙatar ƙarin likita.

Yanzu ina barci, ina ɗaga waya, makina ya sauka sosai. Har yanzu ina kan magani, don an ce a ci gaba aƙalla wata shida bayan samun sauƙi, kuma a hankali ake janye shi bisa shawarar likita, ba a yanke shi lokaci guda. Idan za ka je, rubuta alamominka da duk maganin da kake sha, ka tafi da wanda ka amince da shi idan hali ya yi. In kuwa tunanin cutar da kai ya matsa maka, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka faɗa wa na kusa da kai ku wuce sashen gaggawa a ranar.