Fentin feshi na Rust-Oleum 2X a kan kujerun saƙa

Kujerar da aka saƙa da gora ba ta son burushin fenti, domin fentin yakan taru a ramukan saƙar ya daskare. Wannan gwangwanin mai giram 340 ya fi dacewa, feshinsa yana shiga kowane lungu.

A fara kankare tsohon fentin da ke ɓarewa, a wanke, a bari ta bushe sarai. In da sauran danshi, sabon fentin zai kumbura ya ɓare. A kifa kujerar a fara daga ƙasanta, da tazarar santimita 30 tsakanin gwangwanin da kujerar, a fesa sama-sama sau biyu ko uku. A yi feshi na gaba cikin awa 1, in ya wuce haka sai bayan awa 48, in ba haka ba ya yamutse.

Aibinsa tsada: saƙa tana shan fenti, gwangwani ɗaya da kyar ya ishi kujera. A sa takunkumi, a fesa a waje.