7shifts tana tara hujja, amma sallamar ma'aikaci aikin mai gida ne

Manhajar 7shifts ta wani kamfani ce da aka kafa a 2014, mai hedikwata a birnin Saskatoon na Kanada, kuma don gidajen abinci aka yi ta: tsara jadawalin aiki, rubuta lokacin shiga da tashi, da littafin manaja na abin da ya faru kullum. Abin da muka duba shi ne taimakon da za ta yi wa gidan abincin iyali da ya samu ma'aikaci mai tada zaune tsaye.

Inda ta fi ƙarfi shi ne makara da fashin aiki. Kowa na da lambar da yake dannawa a 7punches, wato manhajar 7shifts mai rubuta lokacin shiga da tashi, idan ya iso. Jadawali ya ce 10:00, ya danna 10:40, gardama ta ƙare, ba sauran "ai na zo da wuri, Mama ce ba ta gan ni ba".

Rigima kuwa ba a auna ta da agogo, sai an koma littafin manaja, kuma ingancinsa na hannun mai rubutu. "Ya yi rashin kunya" ba hujja ba ce. "Da ƙarfe 8:15 na dare ya yi jifa da faranti a gaban mai girki, ya bar tebur uku babu mai kula da su har minti 20" ita ce hujja. A rubuta a daren, da sunan wanda ya gani. Abin da aka cike bayan mako guda ƙorafi ne kawai.

Babban ramin da gidajen iyali ke faɗawa shi ne a sa bare a manhaja a bar ɗan gida. Idan ɗan mai gida na makara ba a rubutawa, bare kuma kowace makararsa tana ajiye, to bayanan nan kanku za su juyo, don sun nuna bambanci ƙarara. Kowa ya danna lamba, har ƙanin mai gida. Manaja na iya gyara lokacin da aka danna, saboda haka a taƙaita wannan izini ga mutum ɗaya ko biyu. Zancen ma'aikacin kuma kada ya shiga zauren hirar ma'aikata na manhajar.

Abin da ba za ta yi muku ba shi ne sallamar kanta. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, ta gindaya dalili ingantacce, da ba mutum damar kare kansa, da notis ko kuɗi a madadinsa, sai dai in babban laifi ya yi. Ba kowace ƙasa ce ta amince da ita ba, don haka a duba dokar ƙwadagon inda ake kafin a ɗauki mataki. Tsarin da ya fi aminci shi ne gargaɗin baki, sai rubutacce da sa hannunsa, sai wa'adin gyara na kamar mako 2 zuwa 4.

Iyali su fara daidaitawa a tsakaninsu, don idan uba ya sallama uwa ta maido, sauran ma'aikata ba za su ƙara jin maganar kowa ba. Ranar sallama a zauna da shi kafin a buɗe ko bayan an tashi, mutum biyu, minti 10 zuwa 15, da takarda a hannu. A nan manhajar ke sake amfani: daga ita za a lissafa sa'o'insa na ƙarshe a biya shi cif. A fara sauke bayanansa a adana, sannan a rufe asusunsa, a karɓi makulli da rigar aiki, a raba ranakunsa na makon ga wasu tun kafin kwastoma su fara shigowa.