Rigar rumfar mota a zafin Maradi: wacce za ka saya, kuma yaya za ta kwana a but?

Mota mai rumfar da ake naɗewa ba ta da yawa a Maradi, shi ya sa mai ita yakan sha wuya kafin ya samu wanda zai ba shi shawara ta gaskiya a kan kayanta. Cikin kayan nan, wanda aka fi wulaƙantawa shi ne rigar rumfa, wato mayafin da ake ɗanawa a kan rumfar bayan an kwantar da ita a bayan kujeru. Aikinta uku ne: tana kare cikin rumfar daga rana, tana hana ƙura shiga tsakanin ninkin, tana kuma hana iska kaɗa yadin idan mota na gudu. To amma rabin rayuwarta a but take yi, kuma a can ne take mutuwa. Yawancin rigunan da ke tsagewa ko su bushe su yi ƙamas, ba a kan mota suka lalace ba. An cusa su ne tsakanin jak da jarkar mai, aka rufe murfi, rana ta yi sauran aikin.

Saboda haka wanda zai sayi riga, ya saye ta tare da tunanin inda zai ajiye ta. Ciniki ɗaya ne.

Kafin komai, ka tabbatar motarka ma tana buƙatarta. Peugeot 206 CC da 307 CC da Mercedes SLK rufin ƙarfe gare su, yana ninkewa ya shige but, babu rigar da za a sa masa. Abin lura a irin waɗannan shi ne labulen nan na cikin but da ake jawowa a maƙala: idan ba a maƙala shi daidai ba, rufin ba zai motsa ba, domin akwai ɗan makunni da ke jin zamansa. Peugeot 306 mai rumfa tana da murfi mai tauri da ke rufe rumfar da kansa. Mazda MX-5 daga ƙirar 2005 zuwa sama, rumfarta tana kwanciya ne ta yadda samanta ya zama shi ne murfin. Masu buƙatar riga su ne irin su MX-5 ta 1989 zuwa 2005, BMW Z3, tsohuwar Golf mai rumfa, New Beetle, da Mustang ta shekarun 1994 zuwa 2004.

Leda ko yadi

Riga iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta leda, irin wadda ake yi wa kujerun mota, akwai ta yadi mai kauri mai kama da tamfol. Ta leda ta fi arha, ƙura ba ta shiga jikinta, tsumma mai laima kaɗai ya isa ya goge ta. Aibinta zafi. A cikin leda akwai wani mai da masana'anta ke haɗawa don ta yi laushi, kuma zafi yana fitar da shi sannu a hankali. Idan ya ƙare, ledar takan ƙanƙance, ta yi tauri, ta fara tsagewa daga wurin da aka saba ninke ta. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40 a inuwa, motar da aka rufe a rana cikinta yakan wuce digiri 60, kuma but ɗin baƙar mota tanda ce sosai.

Ta yadi, irin wadda kamfanin Haartz ke yi da sunan Stayfast ko Sonnenland, hawa uku ce: zaren roba a waje, shimfiɗar roba a tsakiya mai hana ruwa, sannan shafi a ciki. Ta fi jure rana, ba ta ƙanƙancewa kamar leda, kuma tana naɗuwa ba tare da ta riƙe kari ba. Amma tana shan ƙura. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, jar ƙura takan zauna a cikin saƙar, sai an bi ta da buroshi mai laushi. Da damina kuwa, idan aka ajiye ta da laima, kwana biyu ko uku sun isa ta fara funfuna.

Ra'ayinmu a nan ba a ɓoye yake ba: wanda motarsa ke kwana a rumfa ko gareji, ta leda za ta yi masa. Wanda motarsa ke wuni a rana a bakin shago ko ofis, ya daure ya sayi ta yadi, ko da kuɗinta ya ninka.

Sai maganar inda za ta fito. Ta asali da aka ciro daga motar da ta mutu ita ce ta fi zama daidai, domin maɓallanta suna inda ya kamata. Sai dai shekarunta ɗaya da motar, don haka ka gwada ta: lanƙwasa wani lungu tsakanin yatsu biyu, ka saki. Idan wurin ya yi fari ko ya nuna ƙananan tsagu, ta riga ta bushe, bar ta. Ka duba zaren ɗinkin da farce, domin zare yakan riga leda mutuwa. Sabuwa da ake aikowa daga Turai ko Amurka ta fi daɗewa, amma kuskuren shekara ɗaya yana iya sa ta ƙi shiga, kuma mayar da kaya daga nan ba abu ne mai sauƙi ba. Ka aika wa mai sayarwa lambar shasi mai haruffa 17 da ke kan takardar motar, da hoton ƙusoshin da rigar ke ɗanuwa a kai, da adadinsu. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na 10 a cikin lambar ne ke nuna shekarar ƙira, wadda ba lallai ta zo ɗaya da shekarar da aka rubuta a takardar shigowa ba.

Hanya ta uku ita ce masu ɗinkin kujerun mota, kuma muna da gwanaye. Idan kana da tsohuwar riga, ko da ta yage, kai musu ita su warware su fitar da samfurin yanka a kanta. Idan babu, a auna a jikin mota, rumfa a kwance, kuma a yi gwaji da kwali ko buhu kafin a taɓa yadin kirki. Inda aikin gida ke faɗuwa shi ne maɓalli. Na jaka da na tufafi ba sa riƙewa a gudun kilomita 80, kuma suna tsatsa. Motoci da yawa suna amfani da maɓallai na musamman, kamar Tenax wanda sai an ja kansa sama yake sakewa, ko Lift-the-Dot wanda ba ya buɗuwa sai ta gefen da aka yi wa ɗigo. Wanda bai san haka ba yakan fizga da ƙarfi, ledar ta yage a zagayen maɓallin. Idan tsohuwar riga tana da nata masu lafiya, a cire a mayar a sabuwar. A kuma nemi zaren roba mai kauri, ban da na auduga.

Makwancinta a but

But ɗin irin waɗannan motoci ƙarami ne, na MX-5 bai wuce lita 150 ba, kuma a ciki akwai maƙiyan riga guda huɗu. Na farko ƙarfe: jak, sifana, sukundireba, duk abin da ke yawo idan aka bi hanyar da ta farfashe. Na biyu fetur. Da yawa daga cikinmu ba ma fita zuwa Madarunfa ko Dakoro ba tare da jarka ba, kuma ɗigon fetur yana cinye man nan na cikin leda, wurin ya bushe ya yi tauri, ba ya komawa. Na uku safayar taya, wadda mutane ba sa zargi: baƙar roba idan ta daɗe tana manne da leda mai haske, takan bar mata tabo ruwan ƙasa wanda sabulu ba ya fitarwa. Na huɗu batir, domin a MX-5 ta farko da ta biyu da kuma yawancin Z3, a but yake zaune, kuma ruwansa yana cin yadi da zare.

Jefa riga a but haka nan tsirara ita ce hanya mafi muni, ba sai an daɗe a kanta ba. Ledar zuba kaya ko buhun shinkafa sun ɗan fi, amma leda tana kulle gumi a ciki, kuma da zafi takan manne a jikin rigar, buhu kuma yana goge fuskarta. Akwatin roba mai murfi yana kare ta daga ƙarfe da fetur sosai, sai dai yana cinye rabin but, kuma dole a ninke rigar gida huɗu ko shida kafin ta shiga, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu. Ya dace da rigar da za a ajiye a ɗaki duk damina, bai dace da yawon yau da kullum ba.

Abin da ya fi duka shi ne doguwar jaka ta yadin auduga mai kauri, wadda kowane tela zai ɗinka a wuni ɗaya. Auduga tana numfashi, tana shanye ɗan gumin da ya rage, ba ta mannewa. Ka naɗe rigar tukuna, ka auna tsawo da kaurin naɗin, ka ƙara santimita 10 a tsawo da 5 a faɗi. Baki ya zama na zuge da igiya ko Velcro, wato maɗaurin nan na yadi da ake mannawa a ɓare. Zif na ƙarfe yana karce leda, kuma ƙura tana kashe shi da wuri. Ka ce wa telan ya ɗinka hannaye biyu a bayan jakar, inda ɗamara za ta ratsa. Wasu rigunan sababbi suna zuwa da jakarsu, amma idan ta leda ce ciki da waje, a shimfiɗa tsohon zanen gado a ciki.

Naɗin kansa yana da ƙa'ida. A kakkaɓe ƙura, a goge, a bari ta bushe sarai a inuwa. A shimfiɗa ta fuska a ƙasa a kan abu mai tsabta, a ɗora tsohon tawul a kan layin maɓallan don kada su huda ko su yi shaida a jikin ledar, sannan a naɗe kamar tabarma, fuskar tana waje, ba tare da matsewa ba. Idan aka sa bututun kwali irin wanda ƴan yadi ke naɗe kaya a kai, ko bututun ruwa na roba mai faɗin santimita 8 zuwa 10, a tsakiya, naɗin ba zai taɓa karyewa ba ko an ɗora masa ƙaramar jaka. Rigunan da ke da kwali ko roba mai tauri a gefuna ba sa naɗuwa duka. Irin waɗannan a bi ninkin da masana'anta ta yi musu, fukafukan gefe su kwanta ciki, kada a ƙirƙiro sabon kari.

Ɗaurewa

Jakar da ba a ɗaure ba za ta gangara ta koma wurin jarka a burki na farko. Wurin da ya fi dacewa shi ne can ciki, a gicciye, jingine da bangon da ke bayan kujeru, sama da sauran kaya. Ɗamara biyu ta nailan mai faɗin santimita 2 da rabi, mai kan roba da ake ɗanawa, sun wadatar. A ja su har jakar ta daina motsi, amma yatsa biyu su iya shiga ƙarƙashi. Ɗamara mai ƙarfen matsewa irin ta ɗaure babur a bayan akori-kura ta yi ƙarfi da yawa, tana shata layi a jikin rigar. Robar tub da ake ɗaure kaya a keke, ita ma a bar ta: tana tabo kamar yadda taya ke yi, tana narkewa da zafi, tana tsinkewa ba sanarwa. Raga mai ƙugiya huɗu tana da kyau ga wanda ke cire riga sau da yawa a rana, sai dai robarta takan saki bayan bazara ɗaya ko biyu.

Idan but ɗin ba shi da zoben ɗaure kaya, kada a bar kowa ya ɗauko na'urar huji. Bayan wannan ƙarfen ko ƙarƙashinsa akwai tankin mai a motoci da yawa, ga wayoyin fitilun baya, a wasu kuma ga famfon da ke ɗaga rumfa da bututansa. A nemi noti da ke nan tun asali, a kwance, a sa ƙaramin zoben ƙarfe a ƙarƙashinsa, a mayar. Velcro mai gam ba ya riƙewa a nan, gam ɗin yakan narke ya zame. Wanda aka ɗinka a jikin jaka, ɓangaren mai ƙaiƙayi, yana kama kafet ɗin but da kyau idan kafet ɗin mai gashi ne.

Akwai kuma maganar ɓarawo. Idan rumfa a kwance take, duk mai wucewa zai iya miƙa hannu ya ja hannun buɗe but. A MX-5 ta 1998 zuwa 2005, hannun yana cikin akwatin tsakiyar kujeru mai makulli, sai a riƙa kulle shi. A wasu motocin, murɗa makulli a jikin murfin but yana kashe hannun na ciki, sai ka gwada naka ka gani. Rigar da ke kan mota ma ɗanawa kawai aka yi, cikin minti ɗaya ake kwashe ta, don haka a babbar kasuwa ko wurin biki gara a cire ta a tada rumfa.

Ranar da za a mayar da ita kan mota, musamman da sanyin safiyar hunturu, leda takan ƙi kaiwa maɓallin ƙarshe. Kada a ja da ƙarfi. A shimfiɗa ta a rana minti 10 zuwa 15 ta yi laushi, a fara ɗanawa daga tsakiya, a bi hagu da dama bi da bi. Maɓallin da ya yi tauri a goga masa kyandir, ban da baƙin mai ko man kaɗe, waɗanda ke tara ƙura su zama kamar yashi. Kada a rufe rumfa mai laima da riga, kuma a motar da rumfarta ke tashi da lantarki, a tabbatar an cire rigar gaba ɗaya kafin a taɓa makunni, domin injin rumfar ba ya jin akwai abin da ya tare shi sai ya tsinke maɓallai ko ya lanƙwasa ƙarfen rumfar. Wajen wanki, ruwa da sabulu mai sauƙi sun isa. Omo da bilic suna cinye maganin hana ruwa da ke jikin yadi, suna kuma busar da leda. Sau ɗaya a wata a fito da ita daga jaka, a warware, a kakkaɓe jakar, a sake naɗewa ta ɗaya gefen.