Ƙamus na gama-gari ko littafin kalmomin jirgin ruwa: wanne ya dace da ɗalibin Oron?

Hajiya, kin tambayi wanne ya dace da yaronki da ke karatu a Oron, ƙamus na gama-gari ko littafin kalmomin jirgin ruwa. Ki saya masa littafin kalmomin jirgin ruwa mai zane-zane, ƙamus na gama-gari ya jira, kuma kalmar "port" da kika ce ta rikita shi ta ishe mu hujja.

Dukansu biyu na saya wa ƙanena lokacin da yake kwalejin horar da ma'aikatan jirgin ruwa da ke Oron a jihar Akwa Ibom. Ƙamus ɗin aljihun ya ce "port" na nufin tashar jiragen ruwa, kamar Apapa ko Onne ko tashar tsandauri ta Dala a Kano, daga nan bai ƙara komai ba, kuma har yau ina jin zafin kuɗin.

Littafin ne ya nuna masa cewa a cikin jirgi kalmar tana nufin ɓangaren hagu idan mutum ya fuskanci goshin jirgin, ɓangaren dama kuwa "starboard" ake kiransa. Dalilin da ya sa ba a cewa hagu da dama kawai shi ne, hagun mutum yana canzawa da zarar ya juya, na jirgi kuwa yana nan inda yake. Da daddare ana kunna jar fitila a hagu, koriya a dama, don matuƙin da ke nesa ya gane inda jirgin ya dosa. A da "larboard" ake cewa, har sojojin ruwan Ingila suka daina a 1844 saboda a cikin iska da hayaniya kunne yana rikita ta da "starboard". Da ƙanen nawa ya zo hutu, sai ya tsayar da ƙannensa a tsakar gida, ya ba ɗaya faifai a matsayin sitiyari, yana cewa "port ten", wato a karkata digiri 10 zuwa hagu, yaron kuma dole ya maimaita umarnin da ƙarfi kafin ya juya, kamar yadda matuƙi yake yi wa kaftin. Irin waɗannan umarnin suna cikin daidaitattun jimlolin da hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta amince da su a 2001, kuma su yaronki zai riƙa ji a bakin aiki kullum.

Sai dai ki yi hattara da masu sayar da na jabu, musamman waɗanda ke tallata shi a intanet da hoton bango kawai. Ciki fotokwafi ne baƙi da fari, inda jar fitila da koriya suka zama toka-toka, wani lokaci ma shafukan ƙarshe ba su cika ba. Kada ki tura kuɗi sai an buɗe miki shafin fitilu kin ga launukan da idonki, kuma ki sa yaron ya tambayi malaminsa bugun da suke amfani da shi a aji kafin ki biya.