Hedifon mai igiya ko MP: wanne ya dace da kiɗan na'ura na gwaji?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda kuɗin naka abu ɗaya za su ɗauka, ko MP, wato 'yar sifikar nan ta Bluetooth, ko hedifon mai rufe kunne, kuma irin albam ɗin nan na kiɗan na'ura da ba a sawa a rediyo kake son ji, to sayi hedifon mai igiya, ka bar MP a kanti. Na ga wasu sun riga sun ce maka MP ta fi don kowa zai ji. Gaskiyarsu ne in majalisa za ka sa wa kiɗa bayan isha'i. Amma wa zai zauna da kai ya saurari minti goma sha biyu na gurnani ɗaya yana sauya launi a hankali? Ko amininka da kuka taso tare sai ya ce ana kiransa a gida.

Waƙar biki ko kiɗan fiyanon fim, muryar mai waƙa ce a gaba, kiɗa na biye da ita, ko a ƙaramar rediyo mai batir za ka ji ka more. Wanda ya kulle kansa a ɗaki a Kampala ko Nairobi ko Barlin, shi da kwamfutarsa, babu kamfani a bayansa balle a ce masa ya gajarta, sau da yawa ko murya ba ya sawa. Wahalarsa ta watanni tana can ƙasa, a sauti mai kaurin da ƙirji ke ji kafin kunne. Kunnen ɗan'adam yana kamawa ne daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kaurin sauti, yana raguwa sautin na ƙara kauri), su kuwa mutanen nan suna son zama tsakanin 30 da 50. Sifikar da ba ta wuce tafin hannu ba ba ta da faɗin da za ta tura iskar da wannan ke bukata. Yawancinsu daga 60 ko 70 Hz zuwa ƙasa sun fara sarewa. Dum-dum ɗin da mai shago ke nuna maka yana murmushi, ƙari ne da aka yi wa sautin da ke wajen 100 Hz don ya cika kunne, kuma kana ƙara murya na'urar cikinta na rage bes ɗin da kanta don kada bakin ya yage. Sai ka sa wani kiɗa ka ji shiru na minti uku, ka ɗauka data ce ta ƙare, alhali mutum na can yana ta aiki a inda sifikarka ba ta kaiwa.

Ga kuma maganar dama da hagu. MP ƙanana da yawa baki ɗaya ne da su, masu biyun ma sun manne da juna. Sautin da aka tsara ya taso daga bayan kunnen hagu, ya ratsa ka, ya ɓace ta dama, sai ya dunƙule wuri guda. Wani ma in aka haɗe ɓangarorin biyu cinye juna suke yi, ya ragu ko ya ɓace. A wannan fanni ba ado ba ne, wani lokaci shi ne kiɗan baki ɗaya.

Sannan ka tuna inda muke. In aka ɗauke wuta a Unguwar Rimi ko Barnawa, kafin ka lalubo tocila janareton maƙwabta ya tashi. A Tudun Wada kuwa ko da wuta, ga Keke, ga masu talla, ga yara na ƙwallo a lungu, ga fanka a kanka. Albam ɗin da aka gina da ƙarar takun ƙafa, kukan tsuntsu daga nesa, ko shuu ɗin tsohon kaset, ba zai yi gasa da wannan ba. Shi ya sa ma a cikin hedifon na ce mai rufaffen baya. Akwai masu buɗaɗɗen baya da masana ke yabo don faɗin sautinsu, amma an yi su ne don ɗakin da babu motsi, ba gidan haya mai tsakar gida ɗaya ba.

Nawa Sony MDR-7506 ne, na hannu, daga wani mai situdiyo da ya tashi sauya kayan aiki. Tun 1991 ake ƙera wannan samfuri kusan ba a taɓa siffarsa ba, kuma har yau in ka leƙa gidajen rediyo da wuraren ɗaukar fim a duniya za ka gan shi a wuyan ma'aikata. Ba shi da batir, ba a caja shi, ba ya neman wata manhaja. Ohm 63 ne, waya na iya tura shi ba sai ka sayi amfilifaya ba. Abin da ya sa na riƙe shi, ba ya yi wa kiɗa kwalliya. In mai kiɗan ya bar datti za ka ji dattin, in kuma ya ɓoye wani ɗan siririn sauti a ƙarƙashin tarin wasu, zai zaƙulo maka shi.

Wata Juma'a kawuna ya zo daga Kawo, dattijo ne da ya yi fataucin Maraɗi a ƙuruciyarsa. Ya tarar da ni kwance da abin a kai, ya ce, “Kai kuma matuƙin jirgin sama ka koma?” Na ce, “Kawu, ɗan saurara ka ji.” Lokacin ina kan albam ɗin Mamman Sani na Nijar, wanda ya ɗauka a 1978 da ogan ɗinsa na lantarki, kamfanin Sahel Sounds ya sake fito da shi a 2013. Na ɗora masa a kan hula, ya ture hular ya gyara da kansa. Bai yi minti ɗaya ba ya ɗaga yatsa yana magana da ƙarfi, irin ta wanda bai san kunnensa a toshe yake ba: “Wannan ai kiɗan da suke sawa ne tsakanin shirye-shirye a can! Ina ka samo shi?” Kuma gaskiyarsa, shekaru da dama kafafen watsa labaran Nijar sun yi amfani da kiɗan mutumin a matsayin na cike gurbi. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Da ya cire sai ya ce abin da ya ba shi mamaki, yana jin hannun hagu daban, na dama daban, a da kuwa a rediyo duk a cure yake jin su. Tun daga ranar in ya zo, kafin a gama gaisawa yake tambaya ina “na kunnen nan”.

MP kuwa na taɓa sayen wata. Tana kicin yanzu, uwargida na jin tafsiri da labarai da ita, kuma nan ne muhallinta.

In zan yi wa MP adalci, wuri ɗaya ne. Akwai kiɗan singeli na Darussalam a Tanzaniya, wanda Nyege Nyege Tapes na Kampala suka fitar wa duniya, mai gudun da ke haura bugu 200 a minti. Wannan a titi aka haife shi, a manyan sifikun biki, kuma in ka daɗe da shi a hedifon irin nawa kanka zai sara, don 7506 yana da kaifi a sama. Da shi kaɗai za ka riƙa ji, da ban hana ka sifika ba, ko da yake babba zan ce, ba 'yar aljihu ba. Amma ka ambaci irin su KMRU na Nairobi, masu haɗa sautin gari da doguwar shimfiɗa mai tafiya sannu. Wannan na kunne ne.

Kada ka ɗauka hedifon ɗin ba shi da aibi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Kaduna ke gasa mutum, rabin awa ya isa kunnenka ya jiƙe. Fatar soson tana ɓarewa, da zufa da ƙurar hunturu sai ta fi saurin yi, ka tashi da baƙin ɓurɓushi a wuyan riga. Sai dai soson ana cire shi a sa sabo, ba kamar batirin MP ba da in zafi ya kashe shi yawanci abin ya tashi aiki ke nan. Igiyarsa murɗaɗɗiya ce irin ta tsohon tarho, tana da nauyi, tana kai mita 3 in an ja, kuma ba a cire ta. In wannan zai dame ka, nemi Audio-Technica ATH-M40x, ohm 35, igiyarsa ana zare ta a sauya in ta lalace. Yayansa M50x ya fi suna, ya fi bes, ya fi tsada, ni dai ban ga dole a kai ba. Duk wanda ka fara samu na gaske a cikin biyun farko, ɗauka.

Duba wayarka kafin ka fita. Tecno da Infinix da itel da yawa har yanzu suna da ramin iyafis na 3.5 mm, amma iPhone tun 2016 ta cire nata, manyan Samsung ma sun bi sahu. In babu ramin, sai ka haɗa da ɗan adafta. Nan ma a kula: akwai mai DAC a ciki, wato mai juya sautin da kansa, akwai kuma wanda igiya ce kawai, wanda a wayoyi da yawa ko ƙyas ba zai ce ba. A gwada a wayarka kafin kuɗi su bar aljihu.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don a nan ake cin mutane. Samfuran nan da na ambata suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, kuma jabun yanzu kwalinsa har ya fi na asali sheƙi. Sabon 7506 a waje kuɗinsa na yawo ne wajen dala 100. Lissafa da canjin yau, ka ƙara kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Duk wanda ya ce zai ba ka sabo dal a rabin haka, ko ya rantse da abin da ya fi ƙarfinsa, juya ka tafi. Kalmomin da za ka ji su ne “orijinal ne, kwali ne kawai ya ɗan taɓu”, ko “ɗan Landan ne, guda ɗaya ya rage”. Na gaske yana da tambari shuɗi a gefen kunne, kan igiyarsa ruwan gwal ne mai zare, ana murɗa masa babban kai na 6.3 mm. Amma masu jabu sun iya kwaikwayon duk wannan, don haka kunnenka ne alƙali. Tafi da wayarka da kiɗan da ka haddace. Kada ka yarda a gwada maka da waƙar da mai shago ya zaɓa, sun san wadda ke rufa wa kaya asiri. Sa sautin gwaji na dama da hagu, ka tabbata kowane ɓangare na fita daidai da ɗan'uwansa. Sa wani mai kauri ƙwarai ka ji ko akwai kaɗawa kamar takarda ta maƙale a ciki. Girgiza igiyar ta wajen kai da wajen kunne kiɗa na tafiya, in ya yanke ko sau ɗaya, ajiye musu. Ka nemi rasit, ku yi magana a gaban shaida cewa in ya ba da matsala cikin kwanaki kaza za ka dawo da shi. Masu talla a Facebook da WhatsApp da ke cewa ka tura kuɗi tukuna a sa maka a mota, ba ruwanka da su sai in akwai wanda ka sani da zai je ya gani da idonsa. Na hannu mai kyau daga mai situdiyon da za ka iya komawa wurinsa ya fi min sabo a leda daga wanda ba shi da shago.

Haka masu tura waƙoƙi a mimori. Wani zai ɗauki fayil mai 128 kbps ya juya shi zuwa 320, girma ya ƙaru, sauti na nan yadda yake, abin da aka yanke ba ya dawowa. Hedifon mai kyau tona wannan yake yi, sai ka ji sama-saman kiɗan na walƙiya kamar ana wasa da ruwa a kwano, ka zargi abin da ka saya alhali ba laifinsa ba ne. Irin albam ɗin da kake nema ma ba za ka same su a wurinsu ba. Gidansu Bandcamp, shafin intanet na sayar da kiɗa, wanda ke nan tun 2008. Za ka iya saurare kyauta kafin ka saya, wasu ma sun bar farashi a hannunka, ko sifili ka rubuta za ka sauke. In ka biya, kamfanin na ɗaukar kashi 15 cikin 100 a kan fayil, sauran bayan kuɗin hada-hada na mai kiɗan ne ko ƙaramin kamfaninsa, kuma a ranakun da suke kira Bandcamp Friday, da suka faro a Maris 2020, ko nasu kason ba sa ɗauka. Katin naira ba kullum yake wucewa ba, wani lokaci sai da katin dala. Wajen saukewa ka zaɓi MP3 320 in data na maka wuya, awa ɗaya wajen MB 144 ne. FLAC, wato fayil ɗin da ba a rage komai daga sautinsa ba, ya ninka haka sau biyu ko fiye, kuma a gaskiya mutane kaɗan ne za su bambance su ido rufe. Ni FLAC nake ɗauka ga albam ɗin da na san zan riƙe, sauran 320 ya wadatar.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kada ka ƙure murya. Kiɗan nan yana farawa can ƙasa-ƙasa, ka yi ta ƙarawa, sai kwatsam ya fashe maka a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan ƙarar decibel 80, kuma kowane ɗan ƙari yana zaftare lokacin sosai. Kada ka sa shi kana tsallaka titin Ahmadu Bello ko a bayan mashin, kuma ka riƙa duba agogo, don rufaffen hedifon ba ya barin ka ji kiran salla ko da masallacin na jikin katangarku.

In ka samu wanda ya kwanta maka a rai, ɗauki hoton gefen kunnen da kan igiyar da cikin soson ka turo nan kafin ka biya, akwai masu aikin situdiyo a cikinmu da za su duba maka. Allah ya sa a dace.