Tisas 1911A1 "US Army": abin da dala 400 ke saya maka

A shagunan bindiga na Amurka, wanda ke sha'awar fistol irin wadda sojojin ƙasar suka riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu amma aljihunsa bai kai ta kamfanin Colt ba, yawanci kan wannan ake tsayar da shi. Kamfanin Tisas ne ke ƙera ta a Trabzon, a gaɓar Baƙin Teku a Turkiyya, kamfanin SDS da ke Knoxville a jihar Tennessee kuma shi ne ya daɗe yana shigo da ita. Farashinta yana kewayen dala 400, wani lokaci ƙasa da haka. Ta asali da sojoji suka yi ritaya da ita, idan hukumar CMP, mai sayar wa farar hula tsofaffin bindigogin sojan Amurka, ta fitar, sai ka tanadi kusan dala 1,000 ko fiye, kuma ƙarfe ne da ya haura shekara saba'in.

Ra'ayina a kanta a taƙaice: ta ci kuɗinta, amma sai ga wanda ya san me ya saya. Kwafi ce ta ƙirar John Browning da sojan Amurka ya karɓa a 1911, aka yi mata gyare-gyare a 1924, ta ci gaba da aiki har Beretta M9 ta gaje ta a 1985. Da alherin wannan ƙira da wahalarta duk an kwafo, ba a tace ba.

Tana cin harsashin .45 ACP, gidan harsashinta na ɗaukar bakwai, bututunta inci biyar ne, nauyinta ba harsashi ya kai wajen kilo 1.1. Gangar jikin da marfin sama mai zamewa duka ƙarfe ne da aka buga a maƙera, ba narkakke da aka zuba a mazubi ba, kuma a wannan farashi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nauyin nan shi ne ke shanye bugun harbi. Harsashi mai nauyin giren 230 (kusan giram 15) ba ya fizgar hannu, turawa yake yi a hankali, bakin ya ɗaga ya dawo. Kunamarta gajera ce, a miƙe take ja baya ba ta lanƙwasa, tana da ɗan nauyi da ɗan ƙaiƙayi lokacin da take sabuwa, amma bayan harbi ɗari biyu zuwa uku ƙarfen ya goge juna ta yi laushi. Kada a sa mata zarto ko dutsen washi don neman sauƙi. Kuskure kaɗan a haƙorin guduma yana sa gudumar ta bi marfi ta faɗi da kanta, bindigar ta tashi, wannan kuwa haɗari ne na gaske.

Abu na farko da zai ba sabon mai ita haushi shi ne saiti, wato ƙarafan da ke saman marfi da ake auna hari da su. Na gaban siriri ne kamar tsinke, tsagar na baya kuma ƙarama. A mita goma zuwa goma sha biyar da hasken rana, bindigar na tara harsasai wuri ɗaya gwanin sha'awa. Da haske ya ragu, ko idon mutum ya fara tsufa, saitin gaban sai ya ɓace a cikin baƙin takardar hari. Maganin arha shi ne ɗigon fenti fari ko mai launin ruwan lemo a bayan na gaban. Canza shi gaba ɗaya aikin mai gyaran bindiga ne, kuma kuɗin na iya cin kaso mai tsoka na farashin bindigar kanta.

Na biyu cizon guduma. Wutsiyar makullin mariƙi gajera ce irin ta soja. Mai kaurin hannu, ko mai riƙo can sama kamar yadda ake koyarwa yanzu, idan marfi ya dawo baya ya danne guduma, sai ta matse fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Gida biyu ko uku ka harba za ka ga jan tabo, wani har jini. Wannan halin ƙirar ne tun asali, har na Colt da Remington Rand na lokacin yaƙi suna yi. Ko ka sauke riƙon kaɗan, ko ka sa safar hannu.

Inda ya kamata a tsaya sosai shi ne maganar cushewa, domin nan ne ake ɗora wa bindiga laifin da ba nata ba. An tsara 1911 ne don harsashi mai zagayayyen kai mai rigar tagulla. Da shi, tsarin ba ya gardama. Harsashi mai rami a baki kuwa, gefensa na iya cije gangaren da ke kai shi makwanci, marfi ya tsaya saura kaɗan ya rufe. Wani iri zai wuce, wani ba zai wuce ba, don haka duk wanda za a dogara da shi sai an gwada aƙalla ɗari ba tangarɗa. Idan harsashi na ƙarshe ne kullum ke tsayawa a tsaye, ko marfi ya ƙi maƙalewa a baya bayan an ƙare, to a fara zargin gidan harsashi: sifirinsa ya yi sanyi ko leɓensa ya buɗe. A rubuta wa kowane gida lamba a gindi, da haka ake gane mai laifin a ware shi. Na Mec-Gar da na Wilson Combat sun yi suna wajen aminci, kuma gidaje biyu masu kyau sun fi kowane ado amfani.

Idan kuma ɓawon harsashi ne ke dawowa goshin mai harbi, ko ya maƙale a tagar da yake fita a tsaye, to ƙugiyar da ke zaro ɓawon ce. A 1911 ƙugiyar ita kanta sifirin ce, doguwar sanda mai ɗan lanƙwasa a cikin marfi, kuma ƙarfin kamunta daga lanƙwasar yake. Gwajin mai sauƙi ne: a cire marfi, a zura harsashin gwaji marar albarushi ƙarƙashin ƙugiyar, a girgiza a hankali. Ya kamata ya zauna yana ɗan motsi. In ya faɗo, kamun ya yi sako-sako. In sai da ƙarfi ya shiga, ya yi tsauri, shi ma yana hana marfi rufewa. Abin da ya fi lalata ta shi ne jefa harsashi kai tsaye cikin makwanci a saki marfi a kansa. Ƙugiyar sai ta tsallake gindin harsashin da ƙarfi, alhali an yi ta ne ya shigo mata ta ƙasa. Kullum daga gida ake ɗurawa.

Tana son mai. Sabuwa takan zo da man ajiya, wanda na hana tsatsa ne ba na aiki ba, a goge shi kafin harbin farko. Wajen kwancewa, a fara cire gida, a ja marfi a duba makwanci da ido da yatsa. A danna murfin sifirin da ke ƙarƙashin baki, a juya bushin, wato zoben da ke riƙe bakin bututu, a saki murfin a hankali ana tare shi da yatsa, fuska a kauce, don yana tashi kamar kibiya. A ja marfi har ƙaramar tsagar ta yi daidai da sandar tsayar da marfi, a turo sandar daga dama, marfin ya zame gaba. Ɗigo biyu a kowace hanyar marfi, ɗaya a bayan bututu inda yake kullewa, ɗaya a bushin, ya wadatar. Wajen mayar da sandar nan ake yin shahararren ƙarcen da ke jikin rabin tsofaffin 1911: mutum ya kafa ta ƙasa ya murzo ta sama, ta zana baka a gangar jiki. A daidaita ta a kan ramin, a tura ciki kai tsaye. Sifirin dawo da marfi mai ƙarfin fam 16 ne, a canza shi bayan harbi 2,000 zuwa 3,000, ba shi da tsada.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Tsarinta irin wanda ake kira Series 70 ne, babu abin da ke tokare allurar harbi. Shi ya sa kunamar ke da tsabta, amma idan ta faɗi a kan baki da ƙarfi bisa siminti da harsashi a makwanci, allurar na iya zabura. Makullin babban yatsa ma ƙarami ne, a hagu kaɗai yake, bahago zai sha wahala. Ga nauyi, ga harsashi bakwai. Wanda ke neman ta ɗauka a jiki kullum, akwai na zamani masu jikin roba a wannan farashi da suka fi dacewa, har daga Turkiyyan, irin su Canik.

Kuskuren da masu ita suka fi yi shi ne sayenta don arha, sannan su shiga canza saiti, guduma, makullin mariƙi da kunama, har kuɗin ya ninka. Tisas na da wasu samfuran 1911 da suka zo da duk waɗannan daga masana'anta, da ƙarin kuɗi kaɗan. Wannan kuwa a bar ta da mariƙinta mai ruwan ƙasa da zoben igiyarta a gindi, ragowar kuɗin a sayi gidaje biyu da kwalin harsashi mai zagayayyen kai.