Pudding Shop na Istanbul, tsohuwar matattarar matafiyan Yamma

A kan titin Divan Yolu da ke unguwar Sultanahmet, tafiya kaɗan daga masallacin Ayasofiya, akwai gidan abincin da wasu 'yan'uwa biyu suka buɗe a shekarar 1957 da sunan Lale, amma baƙi suka laƙaba masa Pudding Shop saboda kayan zaƙinsa. A shekarun 1960 da 1970, nan ne samari da 'yan matan Turai da Amurka, waɗanda suka juya wa al'adun iyayensu baya, suke yada zango kafin su bi ta ƙasa zuwa Tehran da Kabul, har Katmandu. Allon da ke jikin bango shi ne gidan wayarsu, domin a nan mai neman abokin tafiya ko gurbi a mota yakan manna takardarsa. Juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan a 1979 suka toshe wannan hanya.

Abincin wurin irin na gida ne, an jera shi a bayan gilashi, mutum ya nuna abin da ransa yake so. Wanda ya fi burge ni shi ne tavuk göğsü, wani haɗin madara da sukari da ake sa wa tsokar ƙirjin kaza da aka yayyaga, kuma abin mamaki, ko kaɗan harshe ba ya jin ɗanɗanon nama. Ina ganin ya dace a zauna kusa da tsofaffin hotuna da yankakkun jaridun da ke bango, a kora da shayi.